Waƙar Tsibirin Kankana

A Jidda aka haife ni, a unguwar Bani Malik, cikin wani bene mai hawa uku da matakalarsa ba ta rabuwa da ƙamshin soyayyar albasa da turaren wuta. Iyayena Hausawan Sudan ne, daga wani ƙauye na bakin Nilu wanda har yau ban taɓa taka shi ba. Babana direba ne. Yana da 'yar motar ɗaukar kaya, yana kwaso kwalaye daga ɗakunan ajiya na Khumra ya rarraba wa masu shaguna a cikin gari. A motar akwai rikoda, kaset ɗinsa kuma biyu ne rak. Na karatun Alƙur'ani shi yake sakawa da safe. Ɗayan, wanda ya koɗe har ba a gane launinsa, sai da yamma in ya juyo gida.

Waƙoƙin ƙauye ne a ciki, wani ya ɗauka a wurin biki. Ana jin guɗar mata, da kukan jariri, da wani dattijo da yake ta tari kusa da rikodar. A tsakiyar kaset ɗin akwai waƙa ɗaya da wani mutum ya rera shi kaɗai da gurminsa, ba 'yan amshi. In an zo kanta Baba yakan rage gudu, ya ɗora gwiwar hannunsa a kan taga, ya daina yi mana faɗa.

Hausata a lokacin ta cikin gida ce. Na san a ce a wanke kwano, a ɗebo ruwa, a gaida baƙi. Sauran rayuwata duk da Larabci nake yin ta. Saboda haka abin da na tsinta daga waƙar bai fi wannan ba: wani saurayi ya sauka a wani tsibiri da bazara, ya tarar da wata yarinya tana gadin kankana, ta yanka masa ɗaya ya sha. Ya yi ta zuwa. Daga baya ruwa ya taso ya cinye tsibirin, shi kuma ya tafi. A ƙarshen kowane baiti mawaƙin yakan ja wata kalma, ya maimaita ta har muryarsa ta yi rawa. Kalmar ita ce "koma". Ban taɓa tambayar kowa ba. Na riga na yanke a raina cewa alkawari yake yi mata, zai koma.

Shekarar da na cika sha shida waƙar ta tashi daga ta Baba ta zama tawa.

Wanda ya san zafin Jidda a lokacin babban hutu ya san ba rana ce kaɗai ba. Iskar teku ce take shigowa da danshi, ka fito daga wanka ka sake jiƙewa kafin ka sa riga. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya gare mu, a falo, nan muke zubewa gaba ɗaya bayan azahar kamar an shanya mu. In la'asar ta yi sanyi sai Umma ta tura ni saman bene in kwaso shanya.

Tsakanin saman benenmu da na maƙwabta katanga ce da ta kawo mini ƙirji. Mai gidan can yana kiwon tantabaru. A hutun nan aka kawo musu wani yaro daga Madina, ɗan ƙanwar matar gidan, aka damƙa masa kula da tantabarun don kada ya yi ta yawo a titi. Dogo ne siriri, yana da tabo a gira. Ranar farko da na gan shi yana tsaye da wata doguwar sanda da aka ɗaura wa tsumma, yana kaɗa ta, tantabarun suna zagaye sama. Na yi kamar ban gan shi ba. Iska ta ɗauki ɗankwalin Umma daga igiya ta jefa shi gefensu. Ya ɗauko ya miƙo mini, ya ce da Hausa, "Ga shi, kada a ce ni na sace."

Na ce, "Shukran."

Ya ce, "Ke ba 'yar Hausawa ba ce?"

Na ce, "Ni Bahausa ne."

Ya yi dariya har sandar ta faɗi. Ya ce Bahaushiya ake cewa. Na kwashe kayana na sauka ina jin kamar in nutse. Washegari kuma tun kafin Umma ta yi magana na ɗauki kwando.

Babu wani abin a zo a gani a cikin abin da ya wakana tsakaninmu. Hira ce ta kan katanga, shi a gefensu ni a gefenmu. Ya nuna mini tantabarar da take kan ƙwai, da wadda ba ta da miji, da wani baƙin namiji mai faɗa da kowa. Iyayensa mutanen Nijar ne, Hausarsa cikakkiya, yana gyara mini magana ina jin haushi ina kuma so ya ƙara. Wata rana ya kawo ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono a ƙunshe cikin takarda, muka ci hawaye na zuba. Na roƙi Baba ya bar mini kaset ɗin ran Juma'a tunda ba ya fita aiki. Na hau da ƙaramar rediyon Umma, na ɗora ta a kan katanga na kunna masa waƙar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce muryar mutumin kamar ta wanda bai ci abinci ba. Na yi fushi na kashe. Can kuma ya ce in sake sakawa.

Umma ba ta taɓa yi mini faɗa a kai ba. Wata yamma dai ta dube ni ta ce, "Wannan shanyar taki ba ta bushewa ne?" Daga ranar sai ta riƙa haɗa ni da ƙanwata in zan hau.

Da hutu ya ƙare ya zo bakin katanga da jakarsa a kafaɗa, ya ce, "Sai hutu mai zuwa, in sha Allahu." Na ce Allah ya kai mu. Hutu ya zagayo bai zo ba. Daga bakin matar maƙwabcin na ji, tana gaya wa Umma a matakala, cewa kafilin mahaifinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa, ya rufe shago, ba a sabunta musu iƙama, takardar izinin zama, ba, sun tattara gaba ɗaya sun koma Nijar. Na shige banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni. Na daɗe bayan haka ina saka waƙar, ina jiran mawaƙin ya zo kan kalmar nan, ina riƙe da ita kamar ni aka yi wa alkawarin. A ƙarshe rikodar motar ta tauna kaset ɗin, Baba ya yi ta naɗe zaren da biro, bai gyaru ba.

Na yi aure, muka zauna a unguwar Waziriyya, na haifi 'ya'ya uku masu jin Hausa su amsa da Larabci. Waƙar ta koma can ƙasan raina, sai in ina wanke-wanke in ji kaina ina gunguninta.

Wata shekara, ana sauran kaɗan azumi, Baba ya kira ni ya ce ya yi baƙi daga ƙauye, sun gama umara, za su ɗan zauna a wurinsa kafin jirgin ruwansu ya tashi. In zo in taya Umma girki. Na je da safe. Muka yi tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, muka soya kifi. Baƙin tsoho ne da tsohuwarsa. Shi dogo ne, ya rame, farar jallabiyarsa tana lilo a jikinsa, ba ya yawan magana. Ita kuwa gajera ce mai jiki, tafin hannunta baƙi ƙirin da lalle, ta miƙe ƙafa ɗaya a kan matashi saboda ciwon gwiwa, muryarta kuma har ƙasan bene ake ji.

Bayan an ci abinci na shigo da tiren shayi. Baba ya ce, "Ke, kin san wa kike ba shayi kuwa? Mai gurmin nan ne. Na kaset ɗin da kika hana ni sakat."

Na tsaya da tire a hannu. Umma ta ce, "Ajiye kafin ki ƙona mutane."

Ban taɓa kawo wa raina cewa mai muryar nan mutum ne mai rai ba, balle a ce ɗan ƙauyen su Baba ne, balle ya zauna a falonmu yana sakace. Na durƙusa na sake gaishe shi kamar ban gaishe shi ɗazu ba. Ya ce, "A'a, tashi jikata, ai abin ƙuruciya ne. Har nan ta iso?"

Na ce, "Kaka, da ita na girma. Da gaske ne abin da ka faɗa a ciki?"

Ya ce da gaske ne. Su masunta ne, ba 'yan ƙauyen ba ne tun asali. In bazara ta yi, kogi ya janye, mahaifinsa yakan gangaro da kwale-kwalensu su kafa bukka a inda kifi ya taru. A lokacin ne tsibirai suke fitowa a tsakiyar ruwa, yashi a sama, laka mai kyau a ƙasa, mutanen ƙauye su tsallaka su shuka kankana. In damina ta faɗi a can sama, ruwa ya ciko ya zama ja, sai tsibirin ya nutse kamar ba a taɓa yin sa ba, sai kuma wata shekara.

Na ce, "Yarinyar fa? Ka sake ganinta?"

Tsohuwar ta ce, "Ga ta nan tana jira ki zuba mata shayi, ya huce."

Umma ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. Ashe duk sun sani. Baba ya ce shi ya ɗauka kowa ya sani.

Daga nan tsohon bai ƙara samun bakin magana sosai ba. Ta gyara zaman ƙafarta ta ce, "Bari in gaya miki, 'yar nan, don wannan mutumin ya cika duniya da ƙarya. Ya ce na yanka masa kankana. Sata ya zo yi na kama shi."

Ya ce, "Ƙishirwa ce."

"Ƙishirwa a tsakiyar kogi? Na ga ganye yana motsi, na ɗauka biri ne, na ɗauko sanda. Sai ga ƙato a tsugune ya rungume babbar cikinsu. Na ce ko ya kwashe mana waɗanda muka tsinka ya kai bakin ruwa, ko in yi ihu. Ya yini yana jigila. Da ya gama ne na tausaya masa na yanka masa wata da tsuntsu ya riga ya huda."

Ta ce washegari ya dawo da kifi a tsire a jikin igiya, wai biyan kankana. Jibi ma ya dawo. A waƙa ya nuna kamar su biyu ne kaɗai a tsibirin, su da tsuntsaye. Ta ce ina, gwaggonta tana cikin rumfa kullum tana kaɗi, ido ɗaya a kan mazari ɗaya a kansu. Ba su taɓa zama kusa da juna ba. Shi yakan zauna a rana yana ɗinke ragarsa, ita a bakin inuwa tana korar tsuntsaye da gwangwani, suna jefa wa juna magana. Wani lokaci kunya ta hana su cewa komai har ya tashi. Da ta zo nan muryarta ta ɗan sauka. Ta ce yashin wurin in rana ta take ba ya takuwa, sai ya riƙa zuba mata ruwa da ƙwarya a hanya tana takawa har ta isa bakin kogi ta yi alwala. Wannan kam bai sa a waƙa ba, ta ce, ga shi kuwa shi ta fi tunawa.

Na juya wurin tsohon na ce, "To, Kaka, ai ka cika alkawari, ka koma."

Ya ce, "Wane alkawari?"

Na ce wanda yake maimaitawa a ƙarshen kowane baiti, cewa zai koma.

Ya dube ni, ya dubi Baba. Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi. Tsohon ya ce, "Koma fa, jikata, ragar kamun kifi. Komata nake wa kuka." Ya faɗi kalmar sau biyu a hankali don in ji yadda muryar take bambanta. Ya ce shekarar nan ruwa ya zo da wuri, ba a shirya ba. Da asuba mahaifinsa ya ce a kwance kwale-kwale a tafi. Komarsa tana rataye a jikin rumfar su yarinyar, inda ya bar ta da yamma don ya sami dalilin dawowa. Bai samu ya tsallaka ba, bai yi sallama ba. Ruwa ya tafi da rumfar da komar gaba ɗaya. Ya ce, "Ba zan iya kiran sunanta a gaban jama'a ba, sai na riƙa kiran komar."

Kunya ta kama ni irin ta ranar da aka ce mini Bahaushiya ake cewa. Na ce ni duk shekarun nan na ɗauka alkawari ne.

Ya juya kofinsa. Ya ce, "Niyyar komawa kam akwai. Amma lokacin da na yi waƙar an riga an ɗaura mata aure. Ba a yi wa matar wani alkawari."

Tsohuwar ta karɓe zancen. Ta ce bazara biyu tana tsallakawa tsibirin tana duban kowane kwale-kwale. Mahaifinsa ya canja wurin kamun kifi, shi kuma ya bi abokai aikin auduga, yau ne gobe ne, ƙuruciya ta ɗauke shi. A ta uku wani tela ya nemi aurenta. Ba wanda ya matsa mata, ita ta ce tana so, mutum ne mai haƙuri da raha. Tana goyon ɗanta na biyu ta je wani biki a ƙauyen da ke gaba da nasu, sai ta ji gurmi, ta ji ana zancen tsibiri da kankana. Ta ce sai ta ja mayafi ta bar wurin ko abinci ba ta ci ba. Waƙar ta bazu, 'yan mata suna yin ta a bakin rijiya, ba su san da wa ake ba.

Na ce, "Mijinki ya sani?"

"Ya sani mana. Bai taɓa ce mini uffan ba. Rana ɗaya dai ya shigo da wata ƙatuwar kankana a kafaɗa, ya ajiye a gabana ya ce, 'Yanka mana, an ce kin iya.' Na ɗaga kai a tsorace, na ga dariya yake yi. Allah ya ji ƙansa, ya yi mini komai."

'Ya'ya takwas ta haifa wa telan, ta yi jinyarsa har ya rasu. Shi ma mai gurmin ya yi aure, ya hayayyafa, matarsa ta riga shi. Ya dawo ƙauyen da zama yana tsoho, ya ajiye gurmi, ya zama mai kiran sallar asuba. Babban ɗanta ne ya lura kullum in an fito masallaci tsohon sai ya bi ta ƙofar gidansu, alhali ba hanyarsa ba ce. Shi ya je ya same shi ya ce, "Baba, in magana ce a yi ta, kada gwiwarka ta ƙare a zagaye." Aka ɗaura aure da goro da dabino, jikoki suna ta tsokana.

Ni da na zauna baki buɗe, na ce ashe dai soyayyar ta dawo.

Ta ce, "A'a. Waccan ruwa ya tafi da ita, yarinyar da yaron ma babu su. Wannan ta shafa wa juna maganin gwiwa ce. Ita ma da daɗinta."

Na roƙe shi ya rera mini ko baiti ɗaya. Ya ƙi. Ya ce ibada ta kawo shi, muryar ma ta tafi, haƙora sun zube. Ban matsa ba.

Da la'asar ina wanke kofuna tsohuwar ta dogara bango ta shigo kicin, ta ja kujerar roba ta zauna. Ta ce in rufe ƙofa. Ta ce, "Wane ne naki?"

Na ce, "Na'am?"

"Na ga fuskarki ɗazu. Mutum ba ya riƙe waƙa haka don gurmi."

Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ƙanwata da ake haɗa ni da ita in zan hau bene ba mu taɓa tada zancen ba. Sai ga ni ina ba ta labarin katanga da tantabaru da ɗanyen mangwaro, rabi da Hausa rabi da Larabci, hannuna duk kumfa. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ban ga ta yi wa kowa ba tun safe. Da na gama ta ce, "Mijinki yana kyautata miki?"

Na ce yana yi, wallahi.

Ta ce, "To alhamdu lillahi. Ki bar wancan a inda yake. In kin gaji ki leƙa shi ki dawo, ba laifi ba ne. Kada dai ki tare a can." Sai kuma ta ce in duba mata ko akwai sauran kifin nan, ba ta ƙoshi ba, tana jin nauyin Baba ne.

Ranar tafiyarsu muka raka su tashar jirgin ruwa. Kayanta sun fi ƙarfin mutum biyu: barguna, da tukwane, da jarkar zamzam, da darduma ta kowane suruki. Tana ta ba da umarni daga kan keken guragu da aka ba ta, shi yana biye da ledar magungunanta a hannu, in ta yi faɗa ya ce to. A bakin ƙofar da ba a barin masu rakiya su wuce ya juyo ya sa mini albarka, ya ce in riƙa yi wa yara Hausa ko ba su amsa ba.

Bai daɗe sosai ba bayan haka. Baba ne ya kira ni wata safiya ya ce tsohon ya rasu, ya yi kiran salla ya dawo gida ya ce kansa yana juyawa, kafin hantsi an gama. Na yi mata gaisuwa ta waya. Ta ce ta yi wa maza biyu takaba, dukansu mutanen kirki, ba ta da abin cewa sai godiya.

Tana nan da ranta, a wurin 'yarta. Jikarta takan riƙe mata waya ta yi mini saƙon murya, doguwar gaisuwa da sai ta kira kowa a gidan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce in aiko mata da man shafawar nan mai zafi in an sami mai zuwa. Bara ta aiko mini da garin kuɓewa da busasshen kifi ta hannun wani mai umara. Da na kira in yi godiya na tambaye ta ko tsibirin yana fitowa har yanzu. Ta ce yana fitowa, bana ma ya fi girma, ya kusa haɗewa da gaɓa. Jikokinta ne suke nomansa, amma albasa suke shukawa, sun ce kankana wahalar gadi gare ta.